Yadda Ake Zaɓe Tsakanin Baburan Doguwar Tafiya Biyu na Hannu

Babur ɗin doguwar tafiya, wato dogon babur ɗin nan da aka ƙera don ya hau kwalta ya kuma sauka burji, ya ɗauki kaya ya yi kwanaki a hanya, ya fi babur ɗin cikin gari wuyar saye a hannu. Biyu daga cikinsu za su iya fitowa daga masana'anta a shekara ɗaya, agogonsu ya nuna tafiya iri ɗaya, alhali ɗaya ya ƙare rayuwarsa a kan shimfiɗaɗɗen titi, ɗayan kuwa ya sha ƙura, ya ƙetare rafuka, ya faɗi a kan duwatsu. Sunan kamfani yana gaya maka yadda aka ƙera babur, amma abin da za ka biya kuɗi a kansa shi ne halin da wannan guda ɗin yake ciki a yau. Wannan bayani na wanda ya riga ya tace ne har ya rage biyu, ya rasa wanda zai ɗauka. Zan riƙa kawo misali da Honda Africa Twin CRF1000L na 2016 zuwa 2019 da BMW R1200GS na 2013 zuwa 2018, domin su ne aka fi haɗawa, amma matakan suna aiki a kan kowane biyu.

Kayan da za ka tanada

Kana bukatar tocila mai haske sosai, da farin ƙyalle mai tsabta, da gejin auna iskar taya, da mitar auna ƙarfin batir, da ƙaramin madubi don leƙa ƙarƙashin inji, da sukuddireba, da littafi da biro. Ka sauke littafin mai babur na kowane ɗayansu daga intanet zuwa wayarka, domin a ciki ne aka rubuta lokutan sabis da ma'aunin sakin sarƙa da iskar taya. Ka ɗauki hular kwano da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu da lasisinka na tuƙi. Ka kuma tafi da mutum ɗaya, in so samu ne makaniken da ya saba da manyan babura.

Idan ba ka da madubi, kyamarar waya tana iya aikin: ka kunna haskenta, ka zura ta ƙarƙashi, ka ɗauki hoto. Idan ba ka da mita, akwai dabarar da zan faɗa a mataki na 6. Idan kuwa ba ka samu makanike ba, aboki ma ya wadatar, domin aikinsa riƙe babur ne yayin da kake dubawa, da kuma tuna maka abin da ka zo yi idan fenti ya fara ɗauke maka hankali.

Mataki na 1: Rubuta hanyoyin da kake bi da gaske

Kafin ka je ganin ko ɗaya, zauna ka rubuta tafiye-tafiyen da ka yi a shekarar da ta wuce da waɗanda ka tabbata za ka yi a mai zuwa. Ka raba su kashi-kashi: nawa ne kwalta, nawa ne burji mai gargada, nawa ne yashi da laka. Ka rubuta ko kana goyon mutum, da yawan kayan da kake ɗauka, da tazarar da ke tsakanin gidajen mai a hanyoyin. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya saya wa tafiyar da yake mafarki babur, ya manta da wadda yake yi kullum. Wanda kashi 90 cikin 100 na tafiyarsa kwalta ce, da mutum a baya da akwatuna, zai fi jin daɗin babur mai faɗin sirdi da gilashin tare iska, ko da bai kai ɗan'uwansa iya shiga daji ba.

Wannan takarda ce alƙalinka. Ka riƙe ta a aljihu har ranar ciniki.

Mataki na 2: Jera su a takarda, amma a kan abubuwa kaɗan

Ba duk lambobin da kamfani ke bugawa ne suke da amfani ba. Ƙarfin doki, alal misali, ba ya raba gardama sosai: R1200GS yana da kimanin 125, Africa Twin yana da kimanin 94, kuma dukansu sun fi ƙarfin abin da mutum zai bukata a hanya. Abubuwan da suke canza rayuwarka da babur su ne girman wili, da nauyi, da tsawon sirdi, da yadda ƙarfi ke kaiwa tayar baya, da nau'in taya.

Africa Twin yana da wilin gaba mai inci 21 da na baya mai 18. Babban wili siriri ya fi iya haye rami da dutse, ya fi natsuwa a yashi. R1200GS kuwa 19 ne a gaba, 17 a baya, da tayoyi masu faɗi, saboda haka ya fi kama kwalta a kwana. Haka abin yake a ƙananan: Yamaha Ténéré 700 yana da 21 da 18, Suzuki V-Strom 650 yana da 19 da 17. Da ka ga girman wili, ka san ɓangaren da masu ƙera babur suka karkata.

Nauyinsu bai yi nisa da juna ba, Africa Twin kusan kilo 232 da mai cike, R1200GS kusan 238 zuwa 244 gwargwadon shekara, kuma Africa Twin mai giya mai canza kanta, wadda Honda ke kira DCT, ya ƙara kusan kilo 10. Tankin Honda lita 18.8 ne, na BMW lita 20. Sirdin kowannensu ana iya sa shi a milimita 850 ko 870 daga ƙasa. Babban bambanci yana ƙasa: Honda sarƙa ke jan tayarsa, BMW kuwa sandar farfela ce a rufe. Sarƙa tana son wanki da mai da ɗauri a kai a kai, tana kuma ƙarewa, amma kowane makanike zai iya canza ta. Farfela ba ta damun ka kullum, sai dai ranar da ta lalace gyaranta na masu sani ne, kuma da tsada. Haka nan Africa Twin na waɗannan shekaru tayarsa mai tif ce, faci sai an cire wili, alhali ta BMW marar tif ce, ana toshe hujinta a gefen hanya ba tare da an kwance komai ba.

A ƙarshe ka bincika wanda za ka iya samun kayan gyaransa da makanikensa a inda kake zaune. A ganina wannan tambaya ta fi duk lambobin nauyi, domin babur mai kyau da ke jiran kaya wata biyu bai kai matsakaicin da ke tafiya amfani ba.

Mataki na 3: Yi magana da masu sayarwa, ka duba takardu

Kira kowanne ka yi masa tambayoyi iri ɗaya, ka rubuta amsoshin: tun yaushe yake hannunsa, mutum nawa suka riƙe shi kafin shi, me ya sa zai sayar, ina ya fi zuwa da shi, wa ke yi masa sabis, ko ya taɓa faɗuwa. Wanda ya ce babur irin wannan bai taɓa ko kwantawa ba, ka ƙara sa ido, domin kusan dukansu sun taɓa kifewa ko da a tsaye ne. Mai gaskiya zai nuna maka inda ya ƙuje. Sannan ka roƙe shi kada ya tayar da injin kafin ka iso.

Da ka isa, fara da takardu kafin ka taɓa babur. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana a wuyan firam, inda kan babur ke juyawa. Ka haska ta, ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da ta takarda, ka yi haka da lambar inji. Idan ka ga alamar guga, ko sabon fenti a wurin kaɗai, ko haruffan ba su jeru daidai ba, ciniki ya ƙare a nan. Ka kuma tabbatar sunan da ke takarda na wanda ke gabanka ne, kuma babu bashi a kan babur ɗin.

Bayan haka sai tarihin sabis. Rasit mai kwanan wata da adadin kilomita ya fi rantsuwa. Abin da za ka fi nema shi ne duba bawul, domin shi ne babban sabis da masu sayarwa ke gudu. Honda ta sa shi duk kilomita 24,000 a Africa Twin, BMW kuwa duk 20,000 a R1200GS mai sanyaya da ruwa. Idan agogo ya nuna 47,000 a Honda kuma babu shaidar an taɓa dubawa, to na farko ya wuce, na biyu ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma kai ne za ka biya.

Ka ɗauki lambar shasi ka tambayi wakilin kamfanin ko an yi gyare-gyaren da kamfani ya kira a yi. A 2017 BMW ya kira masu R1200GS da aka ƙera daga ƙarshen 2013 zuwa tsakiyar 2017 don ƙarfafa saman ƙafafun gaba, a 2022 kuma ya kira su don duba farfela da saka ɗan bawul mai zubar da ruwan da ke taruwa a gidanta. Kowane nau'i yana da lagonsa da masu shi suka sani. A tsohon Kawasaki KLR650, misali, akwai wani ɗan ƙarfe mai ɗaure sarƙar cikin inji da aka san shi da karyewa, kuma masu kula sukan canza shi. Ka nemi sanin lagon baburanka biyu kafin ka je.

Mataki na 4: Karanta rayuwar da babur ya yi

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ka duba shi da rana, a fili, kada ka yarda da duhun gareji. Idan an wanke shi yanzu-yanzu har yana ɗiga, ka jira ya bushe, domin ruwa yana ɓoye yoyon mai da ƙujewa.

Fara da wuraren da ke taɓa ƙasa idan babur ya faɗi: ƙarshen handil, kan hannun birki da na kuloci, madubi, matakin ƙafa, ƙarafan kariya, gefen salansa. A BMW, kawunan injin sun fito gefe da gefe, don haka murfinsu ne ke fara shan ƙasa. Ƙaramar ƙujewa mai digo-digo alamar kifewa ce a tsaye, ba abin damuwa ba ne. Dogayen layuka masu tafiya gefe ɗaya suna nufin ya ja ƙasa da gudu. Sababbin kaya a gefe ɗaya kawai, madubi sabo da handil sabo a babur mai shekara bakwai, su ma magana suke yi. Sannan ka juya kan babur har ƙarshe hagu da dama, ka haska ƙananan ƙarafan da ke tsayar da shi a wuyan firam. Idan sun lanƙwashe, ko sun tsage, ko an yi musu walda, to babur ya sha bugu mai ƙarfi daga gaba, kuma wannan ba a ɓoye shi da fenti.

Durƙusa ka duba farantin da ke kare ƙarƙashin inji. Ƙujewa a jikinsa aikinsa ne. Abin dubawa shi ne ko ya lotsa har ya taɓa inji, da kuma ko wuraren da aka ɗaure shi sun tsage. Cire sirdi ka bi ƙaramin firam na baya da tocila, musamman kusa da walda da inda ake ɗaura akwatuna, domin kaya masu nauyi a kan gargada suna tsaga wurin. Layin tsatsa siriri a bakin walda sau da yawa tsaga ce.

Yayin da sirdi ke cire, duba wayoyi. Masu irin waɗannan babura suna son ƙara fitilu da abin cajin waya da na ɗumama hannu. Idan an yi aikin da kyau, za ka ga fis da haɗi mai tsabta. Idan ka ga wayoyi a murɗe da baƙin salatif sun taru a kan batir, ka rubuta, domin matsalar lantarki ita ce mafi cin rai wajen nema.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne akwatin matatar iska. Ka nemi izini a buɗe, ka cire matatar, ka shafa farin ƙyalle a ɓangaren da ke bayanta, wato hanyar da iska ke bi zuwa inji. Wurin ya kamata ya kasance tas. Idan ƙyallen ya fito da garin ƙura, to injin ya daɗe yana shaƙar ta, kuma ƙura tana cin ringi da bawul sannu a hankali ba tare da ƙara ba. Busasshiyar laka ko layin ruwa a cikin akwatin yana nuna babur ya nutse a rafi. A wasu babura, Africa Twin na cikinsu, kaiwa ga matatar sai an kwance robobin gefe, kuma ba kowane mai sayarwa zai yarda ba. Idan haka ne, ka sa buɗewar ta zama sharaɗi a wurin makanike kafin biya, ko kuwa ka leƙa lungunan da wanki ba ya kaiwa, bayan lagireto da ƙarƙashin tanki da cikin haɗin wayoyi, ka ga irin ƙasar da ta maƙale.

Mataki na 5: Ƙafafu, sarƙa ko farfela, da birki

Ɗora babur a jak ɗin tsakiya. Idan ba shi da shi, abokinka ya jingina shi a kan jak ɗin gefe har taya ɗaya ta ɗaga, amma a yi hattara da nauyi. Kama tayar gaba da hannu biyu ka girgiza ta gefe da gefe. Kowane motsi yana nufin boris ya tafi. Juya ta kana kallon bakin wili don ganin lotsawa ko karkata. Idan wili mai wayoyi ne, bi su da sukuddireba kana ƙwanƙwasawa: mai ɗauri tana ƙara siririya, sakakkiya tana amo maras daɗi. Ka duba tsatsa a gindinsu. Da tayar gaba a sama, juya kan babur a hankali daga gefe zuwa gefe. Idan ya ɗan maƙale a tsakiya, boris ɗin wuya ya ci.

Shafa ƙyalle a sandunan shokazoba na gaba, ka danna babur sau da yawa, ka sake shafawa. Zoben mai yana nufin sil ya mutu, kuma idan akwai ƙananan ramukan tsatsa a sandar, sabon sil ma ba zai daɗe ba. Na baya shi ma ka haska shi, ka danna bayan babur: ya kamata ya dawo sau ɗaya ya tsaya. Idan BMW ɗin yana da shokazoba mai daidaita kansa da lantarki, gwada kowane saiti ka ga yana amsawa, domin canza shi na daga cikin gyare-gyare mafi tsada a babur ɗin.

A babur mai sarƙa, ja sarƙar baya daga tsakiyar faifan haƙora na baya. Idan ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ta ƙare. Haƙoran da suka yi tsini ko suka lanƙwasa gefe ɗaya su ma sun ƙare, kuma ana canza sarƙa da faifan gaba da na baya tare ne. A mai farfela, kama tayar baya sama da ƙasa ka girgiza, sannan gefe da gefe. Bai kamata ka ji motsi ba. Juya ta a hankali kana sauraron gurnani, ka duba yoyon mai a cibiyar wili da tsagewa a robobin da ke rufe gaɓoɓin.

A jikin kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ina lissafa ta cikin abin canzawa ko da zanenta bai cinye ba. Faifan birki kuwa an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. Idan yatsanka ya ji babban tudu a bakinsa, ya kusa. Man birki da ya yi baƙi yana nuna an wuce shekara biyun da ake canza shi.

Mataki na 6: Tayar da inji a sanyi

Taɓa injin da bayan hannu ka tabbatar da sanyi yake. Idan da ɗumi, ka tambayi dalili, ka dawo wani lokaci, domin inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi da ƙara. Duba baƙin mai ta tagarsa ko sandar awo, ka buɗe murfin zubawa ka leƙa. Mai da ya koma fari-fari yana nufin ruwa ya shiga. Duba ruwan lagireto shi ma, ya kasance a ma'auninsa, ba mai a samansa.

Auna batir kafin tayarwa: lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6. Bayan tayarwa, da an ɗan ƙara wuta, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In babu mita, haska fitilar gaba a bango ka lura da yadda take dushewa lokacin da sitata ke juyawa, da yadda sitatar ke jan injin. Wannan ba ya kai awo, amma yana tona mataccen batir.

Da ka murɗa makulli, duk fitilun gargaɗi su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Ta ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, takan tsaya sai babur ya fara tafiya. Fitilar da ba ta kama ba tun farko ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, don wataƙila an kashe ta ne da gangan. Tsaya a bayan salansa: farin tururi na ɗan lokaci ba komai ba ne, shuɗin hayaƙi da ya ci gaba cin baƙin mai ne. Bar shi ya yi zafi har fankar lagireto ta kama ta kuma tsaya, sannan ka sake leƙa ƙasa don neman ɗigo.

Mataki na 7: Gwada su da jikinka

Ka yi ƙoƙari ka hau su biyun a rana ɗaya ko a jere, a kan hanya iri ɗaya, domin jiki yana saurin mantawa. Kafin ka tashi, zauna ka sauke ƙafa, ka tura shi baya da ƙafafunka, ka sauka ka tura shi da hannu, ka juya shi a wuri matsattse. Lambar sirdi ɗaya ba ta nufin ƙafa za ta kai ƙasa iri ɗaya, saboda faɗin sirdi ma yana cin tsawo. Ka tambayi kanka ko za ka iya ɗaga shi kai kaɗai a yashi, a gajiye, da kaya a kai. Abin lura a nan shi ne BMW ba ya kwanciya shame-shame saboda kawunan injinsa suna tokare shi, kuma nauyinsa yana ƙasa-ƙasa, don haka wasu sukan ji ya fi sauƙin ɗagawa duk da ya fi kilo.

A hanya, bi duk giyoyi sama da ƙasa. Sa babbar giya a ƙaramin gudu ka murɗa wuta sosai: idan ƙarar inji ta hau gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. A miƙaƙƙen wuri marar cunkoso, sassauta riƙon handil ka ga ko yana ja gefe. Kama birkin gaba a hankali ka ji ko yana bugun hannu, alamar faifai ya karkace. Kada ka yi mamaki idan gaban BMW bai nutse sosai da birki ba, haka tsarin ƙafafun gabansa, wanda BMW ke kira Telelever, yake. Idan Honda mai DCT ce, ka sani hannun da ke hagu birkin ajiyewa ne, ba kuloci ba, kuma ka gwada ta a tafiyar hawainiya da juyawa, inda wasu ke son ta wasu kuma ba sa sabawa. Ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa ka ji ko hannunka yana kaiwa handil ba tare da ka rusuna ba. In da hali ka taɓa ɗan burji.

Wasu masu sayarwa ba sa ba da gwaji sai an ajiye kuɗi ko shaida, kuma suna da hujja. Idan an hana gaba ɗaya, sa shi ya goya ka, ko ya tuƙa kana bin sa kana kallon hayaƙi da yadda tayoyin biyu suke bin layi ɗaya, sannan ka dage a kai wa makanike.

Mataki na 8: Yi lissafin kuɗin gaskiya

Ja layi a tsakiyar takarda, kowane babur da gefensa. A sama rubuta kuɗin da aka nema. A ƙasa jera duk abin da ka gano yana bukatar canji yanzu ko cikin shekara: tayoyi, sarƙa da faifanta, birki, batir, sil, boris, babban sabis da ya gabato. Ka tambayi farashin kowanne daga mai sayar da kaya da makanike, kada ka ƙiyasta da ka. Ƙara inshora da sauya suna, da kayan da za ka saya don tafiyarka idan babu su, kamar akwatuna da ƙarafan kariya da jak ɗin tsakiya. Jimillar ƙasa ita ce farashin babur.

Sau da yawa a nan ne mai araha yake komawa mai tsada, araha kuwa ba ta ado. Kayan ƙari da mai sayarwa ke alfahari da su, ka lissafa waɗanda da ma za ka saya kawai. Salansa mai ƙara ba ta ƙara wa babur daraja a wurinka. Kuma kada yawan kilomita ya firgita ka shi kaɗai. Babur mai 70,000 na kwalta da rasit a jere na fi yarda da shi a kan mai 20,000 da ba a san inda ya shiga ba, ko wanda ya shekara uku a ajiye, mai ya lalace a tanki, robobi sun bushe.

Mataki na 9: Yanke hukunci da ciniki

Akwai abubuwan da ke fitar da babur daga takara nan take, kome kyansa: lambar shasi mai shakka, takardun da ba su dace ba, tsagaggen firam ko wanda aka yi wa walda a wuya, ruwa a baƙin mai, ƙura a bayan matatar iska tare da shuɗin hayaƙi. Idan ɗaya ya faɗi a nan, hakan ba ya nufin ɗayan ya ci. Shi ma sai ya tsallake nasa binciken. Idan duka biyun sun faɗi, ka bar su ka ci gaba da nema.

Idan duka sun tsallake, fito da takardar mataki na 1 ka ɗora ta kusa da lissafin mataki na 8. Wanda ya dace da mafi yawan hanyoyinka shi ne na gaba. Idan sun yi kunnen doki, ina bin wannan jeri: mai cikakken tarihin sabis, sannan wanda ka fi iya sarrafawa a ƙaramin gudu da ɗagawa, sannan wanda kayan gyaransa suka fi kusa. Ka kwana a kan shawarar, kada maganar cewa wani na zuwa da kuɗi gobe ta sa ka gaggawa.

Wajen ciniki, nuna wa mai sayarwa jerin abin da ka gano da farashin kowanne, ka nemi ragi a kan wannan, ba tare da kushe masa babur ba. Kafin kuɗi su fita, a rubuta takardar sayarwa mai ɗauke da lambar shasi da ta inji da adadin kilomita da kwanan wata da sa hannun ku biyu da na shaida. Karɓi duk makullai, domin na waɗannan babura galibi suna da guntun lantarki a ciki kuma yin sabo yawanci sai ta hannun wakilin kamfani, ka kuma karɓi rasit ɗin sabis da makullan akwatuna da kayan asali da aka cire. Da ka kai shi gida, canza baƙin mai da matatarsa da matatar iska da man birki, sai dai in akwai rasit na kwanan nan, ka rubuta kilomitan da ka karɓe shi a kai, daga nan za ka fara ƙirga sabis na gaba.